Yadda Ake Auna Yashin Hoto a Sensar Kyamara, da Gaskiyar Abin da ISO Yake Yi

Tambaya: Wani ɗalibin fannin lantarki, wanda yake ɗaukar hoton biki a ƙarshen mako, ya rubuto cewa hotunan da yake ɗauka da daddare a ISO 3200 (ISO ita ce lambar da ake ɗagawa a kyamara domin hoto ya yi haske idan wuri ya yi duhu) suna fitowa da yashi, wato ɗige-ɗigen nan da ke ɓata fuska da inuwa. Yana da kyamara biyu, yana son ya riƙe ɗaya ya sayar da ɗaya. Yana tambaya ko ISO ne yake kawo yashin, kuma ko akwai hanyar da zai auna sensar kowacce, wato farantin da ke kama haske a cikin kyamara, da kansa ba tare da ɗakin gwaje-gwaje ba.

Amsa: Hanyar tana nan, kuma ba ta buƙatar fiye da kyamarar kanta, da farin bango, da kwamfuta, da haƙurin yini guda. Sai dai kafin ka ɗauki hoton gwaji ko ɗaya, ya kamata ka sassauta zargin da ka ɗora wa ISO, domin mafi yawan yashin da kake gani a fuskar amarya tare da hasken ya shigo ta gilashi, ba kyamara ce ta haife shi ba. Ƙarancin haske ne ya tilasta maka hawa zuwa 3200, kuma shi ɗin ne dai ya kawo yashin. ISO ya zo ya tarar da shi ne, ya ɗaga shi har ido ya gani. Idan ka yi awon da zan bayyana, za ka ga haka a lambobin da ka fitar da hannunka, wanda ya fi ka karɓa daga bakina.

Mu fara da abin da ke faruwa a cikin fiksel guda, wato ɗaya daga cikin miliyoyin ƙananan gidajen da ke kama haske a kan sensa. Haske yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, kuma idan ƙwaya ta faɗa a kan silikon tana iya sakin ilektiron ɗaya. A sensar zamani kusan rabin ƙwayoyin koren haske, ko fiye da haka, suke yin nasarar hakan. Fiksel yana tara waɗannan ilektiron muddin shata, wato labulen da ke barin haske ya shiga, tana buɗe, sannan a mayar da su ƙarfin lantarki, a bi da shi ta amfilifaya, a miƙa shi ga na'urar da ke mayar da shi lamba, wadda ake taƙaita sunanta da ADC. A kyamara mai bit 14 lambar tana tsakanin 0 da 16,383, ana kiran kowane matakinta DN, kuma ita ce ke kwance a fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Haka tsarin yake tun daga sensar CCD da Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro a Bell Labs a 1969, har zuwa CMOS da Eric Fossum da abokan aikinsa suka raya a JPL, cibiyar binciken sararin samaniya ta Amurka, a farkon shekarun 1990, wadda ita ce ke cikin wayarka da kusan kowace kyamarar da ake sayarwa yau. Kowane zango na wannan tafiya yana ƙara nasa rashin tabbas, aikin mai awo kuwa shi ne ya rarrabe su, ya san nawa ne na wane.

Babbansu shi ne yashin haske. Ko da fitila tana ci daidai ba ta motsi, adadin ƙwayoyin da za su faɗa wa fiksel a cikin ƙayyadadden lokaci yana hawa yana sauka bisa ƙa'idar Poisson, wadda ta ce warwatsuwar ƙidaya daidai take da tushen murabba'in matsakaicinta. Fiksel da ya tara ilektiron 10,000 zai riƙa kaucewa da kimanin 100 sama ko ƙasa, kashi 1 cikin 100 ke nan, abin da ido ba ya kamawa. Wanda ya tara 100 zai kauce da 10, kashi 10 cikin 100. Wanda ya tara 16 kacal, irin wanda yake fuskantar baƙar rigar abokin ango a lungun zaure, zai kauce da 4, wato rubu'in siginar gaba ɗaya. Ka lura cewa yashin ƙaruwa yake yi idan haske ya ƙaru, sai dai sigina ta fi shi saurin ƙaruwa, shi ya sa yake ɓacewa ga ido. Walter Schottky ya bayyana irin wannan rashin daidaito tun 1918 a cikin kwalaben lantarki na wancan zamani, kuma har gobe babu injiniyan da zai cire shi, saboda ba aibin na'ura ba ne. Maganinsa ɗaya ne, a tara haske da yawa: idan haske ya ninka sau huɗu, rinjayen sigina a kan yashi zai ninka sau biyu.

Sai yashin karatu, wanda kayan lantarkin suke ƙarawa duk lokacin da aka karanta fiksel, ko da haske ko babu. Wani ɓangarensa daga ƙaramin taransistan da ke cikin fiksel yake fitowa, wani daga layukan da ke ɗauke da sigina, wani daga ADC. Akwai wanda ya taɓa zama ƙarfen ƙafa, shi ne rashin tabbas ɗin da ke saura duk lokacin da aka share ma'ajiyar caji domin a zuba sabo: a zafin ɗaki, ma'ajiya mai femtofarad 1 tana barin kusan ilektiron 13 na rashin tabbas. An shawo kansa ta hanyar karanta ma'ajiyar sau biyu, kafin a zuba caji da bayan an zuba, a ɗebe na farko daga na biyu, kuma irin ginin fiksel da Nobukazu Teranishi da abokan aikinsa suka samar a kamfanin NEC na Japan a 1980 shi ne ya ba wannan dabara damar yin aiki sosai a CMOS daga baya. A dalilin haka sensar kyamarorin yau tana da yashin karatu na ilektiron 1 zuwa 3 a manyan ISO.

Yashi iri biyu da ba su da alaƙa da juna ba a tara su kai tsaye. Murabba'insu ake tarawa sannan a ɗauki tushe, ta yadda 3 da 4 za su ba da 5, ba 7 ba. Fiksel mai ilektiron 100 a sensa mai yashin karatu 3 yana da jimillar tushen 109, wato 10.4, alhali sensar da ba ta da aibi ko kaɗan 10 za ta bayar. Wannan bambanci bai kai a ɓata rai a kansa ba. Sai sigina ta sauko zuwa ilektiron 9 kafin su biyun su yi kunnen doki, kuma daga nan zuwa ƙasa ne kawai yashin karatu yake da ta cewa. Duk muhawarar da ake tafkawa a kan wace sensa ta fi tsabta, in ka bi diddigi, muhawara ce a kan wannan ɗan siririn yanki na can ƙasan inuwa.

Zafi ma yana da nasa kason. Silikon yana sakin ilektiron da kansa ko a cikin duhu, kuma yawan sakin yana ninkawa duk lokacin da zafi ya ƙaru da kimanin digiri 6 zuwa 8. Su ma waɗannan suna bin ƙa'idar Poisson, saboda haka ko kyamara ta ɗebe matsakaicinsu, warwatsuwarsu tana nan daram. A hoton biki na 1/100 na daƙiƙa ba ruwanka da wannan. Amma mai ɗaukar taurari na minti biyu ko uku ya san cewa alƙaluman da ake wallafawa galibi a digiri 20 ko 25 ake auna su, alhali a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu zafi yana haura 40 ko a inuwa, sensa kuma takan fi iskar da ke kewaye da ita zafi idan ta daɗe tana aiki. Tazarar digiri 21 ninki uku ce a jere, kusan sau takwas ke nan.

Waɗannan ukun suna canzawa daga hoto zuwa hoto. Akwai kuma zanen dindindin, wanda yake komawa gurbi ɗaya a kowane hoto. Fiksel biyu maƙwabta ba sa fitowa daga masana'anta daidai da juna, ɗaya yakan fi ɗaya jin haske da ɗan abin da bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, kuma tun da wannan bambanci yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da sigina, a wuri mai haske sosai yake fitowa: idan ya kai kashi 1 cikin 100, zai kamo yashin haske a ilektiron 10,000 ya wuce shi daga nan. Da wannan tambari ne masu binciken laifuka suke gane kyamarar da ta ɗauki wani hoto, dabarar da Jan Lukáš da Jessica Fridrich da Miroslav Goljan suka wallafa a 2006. A ɓangaren duhu kuma akwai fiksel masu zafi da ke ƙyalli ja ko shuɗi, da layukan tsaye ko na kwance da ke fitowa idan an ɗaga inuwa.

Ga inda yawancin masu gwaji suke zamewa. Mutum ya buɗe hoto, ya zaɓi wani yanki, manhaja ta ce masa warwatsuwa 20 ce a wannan kyamara, 14 a waccan, sai ya yanke hukunci nan take. DN kuɗin gida ne, kowace kyamara da nata, kowane ISO ma da nasa, kuma kwatanta 14 da 20 daidai yake da kwatanta dubu goma na naira da dubu goma na sefa ba tare da an tambayi 'yan canji farashin ranar ba. Ilektiron ne abin da duka ɓangarorin suka yarda da shi, saboda haka awo na gaskiya yana farawa ne da gano farashin canjin, wato ilektiron nawa ne suke ba da DN ɗaya. Mu kira shi K.

James Janesick, wanda ya daɗe yana aiki a kan sensar CCD ta na'urorin sararin samaniya a JPL, shi ne ya yi fice wajen tsara hanyar gano K, kuma daɗinta shi ne ba ta buƙatar ka san yawan hasken da ya shiga. Yashin kansa ne yake zama ma'auni. Idan sigina ta kai S a lissafin DN, to fiksel yana ɗauke da ilektiron K sau S. Ƙa'idar Poisson ta ce murabba'in warwatsuwarsu shi ma K sau S ne. Idan aka mayar da wannan murabba'i zuwa DN dole a raba shi da K har sau biyu, sai ya rage S bisa K. Juya lissafin, ka sami cewa K shi ne matsakaicin sigina a raba da murabba'in warwatsuwarta. Ƙa'idar awo ta EMVA 1288, wadda ƙungiyar masu kyamarorin masana'antu ta Turai ta fara fitarwa a 2005, a kan wannan tushe aka gina ta.

Yanzu ga aikin. Ka sa kyamara a RAW, ka zaɓi wanda ba a matse ba ko wanda aka matse ba tare da asara ba, ka kashe duk wani rage yashi, har da na doguwar buɗewa. Ka guji ɗaukar hoto a jere da sauri da kuma shatar lantarki da ba ta yin sauti, domin kyamarori da yawa suna sauka zuwa bit 12 a waɗannan yanayi ba tare da sun faɗa maka ba. JPEG ba shi da amfani a nan, an riga an lanƙwasa lambobinsa an goge su. Lightroom ma bai dace ba, tun da yana haɗa launuka kafin ya nuna maka komai. Abin da kake buƙata shi ne lambobin kamar yadda suka fito daga ADC: tsohuwar manhajar dcraw ta Dave Coffin tana ba da su da umarnin -D -4 -T, RawDigger tana nuna su kai tsaye, kuma tun da kai ɗalibin lantarki ne, rawpy da numpy a Python sun fi komai sauƙi. A kan sensa akwai matatar launi irin wadda Bryce Bayer na Kodak ya yi wa rajista a 1976, ja ɗaya, kore biyu, shuɗi ɗaya a kowane fiksel huɗu. Ka ware su, ka yi aiki da kore ɗaya kaɗai. Idan ka cakuɗa su, bambancin launi ne za ka auna ka zaci yashi ne.

Fara da duhu. Rufe gilashi da murfinsa, toshe wurin leƙe idan kyamarar mai madubi ce, sa shata a 1/4000, ka ɗauki hoto biyu a jere. Matsakaicin kowannensu shi ne matakin baƙi, lambar da kamfani yake ɗorawa da gangan domin kada warwatsuwa ta faɗa ƙasa da sifili. 512 ce a kyamarorin Sony da yawa, 2,048 a Canon da yawa. Sai ka ɗebe hoto ɗaya daga ɗaya, fiksel da fiksel. Duk abin da yake na dindindin zai tafi, ya bar wanda ke canzawa, amma tun da yashin hoto biyu ne ya haɗu, sai ka raba warwatsuwar da tushen 2, wato 1.414. A nan akwai ramin da yake cin ɗalibai: lambobin RAW suna zuwa ne a sigar da ba ta san ƙasa da sifili ba, saboda haka idan ka ɗebe 515 daga 510 kwamfuta za ta ba ka 65,531 maimakon 5 ƙasa da sifili, kuma warwatsuwarka za ta tashi dubbai. Ka mayar da su lambobi masu ɗigo kafin ka ɗebe.

Sannan haske. Ka fuskanci farin bango, ka kauce wa saiti yadda komai zai yi dishi-dishi, ka ɗora kyamara a kan ƙafarta, ka ɗauki hoto biyu-biyu a kowane lokacin buɗewa, daga wanda ya kusa zama baƙi ƙirin har zuwa wanda ya ƙone fari fat. Wahalar gwajin duka a fitila take. Wutar layi a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu da yawa kuma suna ƙyaftawa sau 100, don haka hoto biyu na 1/500 na iya samun haske daban-daban. Idan janareta ne ma abin ya fi muni, domin juyinsa yana hawa yana sauka da nauyin da aka ɗora masa. Fitilar LED da ke cin batir kai tsaye, a cikakken haskenta ba tare da an rage ta ba, ita ta fi, ko kuma bangon da ke inuwa da hantsi a ranar da babu gajimare. Bayan ɗauka ka duba matsakaicin hotunan biyu. Idan sun saɓa da fiye da kashi 1 cikin 100, ka jefar da su ka sake. Yi aiki da tsakiyar hoton kawai, inda gilashi ba ya duhunta gefe. Fiksel 200 sau 200 sun isa, domin 40,000 suna ba da warwatsuwa da kuskuren da bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba.

Bari in ba ka misali da lambobin da na tsara domin lissafi ya fito fili, amma irinsu ake samu a kyamara mai babbar sensa a ISO 100. Hotunan duhu sun ba da matakin baƙi 512, bambancinsu kuma ya ba da warwatsuwa 2.12, a raba da 1.414, ya zama DN 1.5. Hotunan bango sun ba da matsakaici 2,512, a ɗebe 512, sigina 2,000 ke nan. Warwatsuwar bambancinsu 31.7 ce, murabba'inta kusan 1,005, rabinsa 502.4. A cikin wannan akwai kason karatu, 1.5 sau 1.5, wato 2.25, a cire shi ya rage 500. Raba 2,000 da 500, K ya zama ilektiron 4 a kowane DN. Daga nan komai ya buɗe. Yashin karatu 1.5 sau 4 ne, ilektiron 6. Idan fiksel yana cika a 16,383, to yana ɗaukar 15,871 sau 4, kusan ilektiron 63,500. Raba wannan da 6 ka sami kusan 10,600, wato ninki 13.4 a jere, kowane ninki sau biyu, tsakanin rufi da ƙasa, abin da ake kira faɗin zangon haske.

Kada ka dogara da hoto biyu kaɗai. Zana murabba'in warwatsuwa a tsaye, sigina a kwance, ga duk matakan da ka ɗauka. Ya kamata ɗigon su jeru a miƙaƙƙen layi, hawan layin shi ne 1 bisa K, inda ya taɓa gefen hagu kuma shi ne murabba'in yashin karatu. Can sama layin zai karye ya faɗo warwas, domin fiksel da suka cika duk lamba ɗaya suke bayarwa. Wurin karyewar shi ne ainihin cikar sensa, wanda a wasu kyamarori yake zuwa kafin 16,383. EMVA 1288 tana amfani ne da ɗigon da ke ƙasa da kashi 70 cikin 100 na cika wajen ja layin, kai ma ka yi haka. Idan layin ya lanƙwashe tun a tsakiya, ka fara zargin fitilarka kafin ka zargi sensa.

Maimaita wannan a kowane ISO, a nan ne amsar tambayarka ta farko take. A kyamarar misalinmu, a ISO 1600 amfilifaya ya ƙara ƙarfi sau 16, K ya sauko zuwa 0.25. Hotunan duhu za su iya ba da DN 6 maimakon 1.5, wanda ya tsaya a DN zai ce yashi ya ninka sau huɗu. Amma 6 sau 0.25 ilektiron 1.5 ne, raguwa ya yi sau huɗu. Dalili shi ne, yashin da ke shigowa bayan amfilifaya, na layuka da na ADC, bai ƙaru ba, sigina ce aka ɗaga sama da shi. Ka koma kan fiksel ɗin baƙar rigar nan mai ilektiron 16: a ISO 100 jimillar yashinsa tushen 16 da 36 ne, wato 7.2, a ISO 1600 kuwa tushen 16 da 2.25, wato 4.3. Haske ɗaya, shata ɗaya, ƙofar gilashi ɗaya, amma babban ISO ya fi tsabta. Abin da ka biya shi ne rufi, domin yanzu lambobin suna ƙarewa a kusan ilektiron 3,970, zangon haske ya dawo ninki 11.4, kuma farin leshin uwar amarya a ƙarƙashin fitila zai ƙone da wuri. A sensa da yawa na 'yan shekarun nan za ka ga yashin karatu ya faɗi farat ɗaya a wani ISO, 400 ko 640 ko 800, saboda fiksel yana sauyawa zuwa ƙaramar ma'ajiyar caji, dabarar da kamfanin Aptina ya fito da ita da sunan DR-Pix. Daga wannan mataki zuwa sama ƙarin ISO ba ya sayo maka tsabtar kirki, rufi kawai yake ci. Sanin wannan lamba a kyamararka ya fi maka amfani a wurin biki fiye da duk sauran alƙaluman.

Akwai abubuwan da za su iya yaudarar ka ko da ka bi komai daidai. Wasu tsofaffin kyamarori suna yanke duk abin da ya faɗa ƙasa da matakin baƙi su mayar da shi sifili, sai rabin warwatsuwar ta ɓace, sensa ta yi kamar ta fi yadda take tsabta. Idan jadawalin ƙidayar lambobin duhu bai fito da gefe biyu daidai ba, ka ɗauko yashin karatu daga inda miƙaƙƙen layin da ka zana ya taɓa gefen hagu. Wasu kuma suna goge RAW a ɓoye, musamman a doguwar buɗewa ko a manyan ISO. Gwajin wannan mai sauƙi ne: a hoton bambanci, haɗa fiksel huɗu-huɗu ka ɗauki matsakaicinsu. Idan kowanne da nasa yashi, warwatsuwa za ta sauka zuwa rabi daidai. Idan ta ƙi sauka haka, an riga an shafa wa maƙwabta na juna. Shi ma ADC yana ƙara DN 0.29 saboda yankan lamba zuwa cikakkiya, don haka duk awon da ya fito kusa da rabin DN ka riƙe shi da taka-tsantsan.

Layuka sun cancanci a tsaya a kansu, domin lamba ɗaya ta warwatsuwa ba ta nuna su, ido kuwa yana tsinto layi a cikin yashin da ya fi shi ƙarfi sau da yawa. A hoton duhu, ɗauki matsakaicin kowane layi na fiksel 200. Idan yashin ba shi da tsari, waɗannan matsakaitai za su warwatsu da kashi ɗaya cikin 14 na warwatsuwar fiksel guda, tun da tushen 200 kusan 14 ne. Duk abin da ya haura haka sosai yashin layi ne. Yi haka ga na kwance da na tsaye, ka yi a hoto ɗaya ka yi a hoton bambanci: wanda ya ɓace a bambanci na dindindin ne, ana iya cire shi da hoton duhu, wanda ya saura kuwa yawo yake yi, shi ne mai wuyar magani. Kada ka rikita su da faffaɗan ratsin da fitilun LED na zauren biki suke jawowa idan ana amfani da shatar lantarki. Wannan ƙyaftawar fitila ce, ba za ka gan shi a hoton duhu ba. Idan kuma ka so auna bambancin jin haske, tara hotunan bango 16 ko fiye ka ɗauki matsakaicinsu, amma ka goge sensa tukuna, domin ƙurar hunturu tana barin tabon da zai shiga lissafi a matsayin aibin fiksel. Na zafi kuwa, ɗauki duhu biyu-biyu a daƙiƙa 1 da 10 da 30 da 120, ka ga yadda murabba'in warwatsuwa, a lissafin ilektiron, yake hawa da lokaci. Hawan nan shi ne ilektiron nawa zafi yake saki a daƙiƙa, kuma ba shi da ma'ana sai ka rubuta zafin ɗakin kusa da shi.

Saura kwatanta kyamarorin biyu. Kada ka kwatanta su a lambar ISO ɗaya, domin ƙa'idar ISO 12232 ta bar wa kamfanoni hanyoyi fiye da ɗaya na sa lambar, 3200 ɗin wannan ba lallai ya zama 3200 ɗin waccan ba. Ka ba su fitila ɗaya, shata ɗaya, ƙofar gilashi ɗaya, in da hali ma gilashi ɗaya, sannan ka ƙirga ilektiron da kowacce ta tara. Kada kuma ka tsaya a fiksel guda. Kyamara mai megafiksel 45 za ta nuna fiksel mai yashi fiye da mai 24 idan girman sensarsu ɗaya ne, domin an raba hasken ne gida-gida da yawa, amma da zarar an buga hotunan a girma ɗaya ƙananan fiksel suna haɗuwa su dawo da abin da aka raba. Abin da ya dace ka kwatanta shi ne ilektiron na fiksel guda sau yawan fiksel, wato jimillar hasken da sensar ta mayar sigina. Idan bambancin ya tsaya a kashi 10 cikin 100, a rinjayen sigina kashi 5 ne kacal, kuma babu amaryar da za ta gan shi. A irin wannan hali ni da gwajin layuka zan yanke hukunci: wadda ta nuna layi mai yawo a ISO ɗin da kake aiki da shi ita ce ta sayarwa, ko da ta fi a faɗin zangon haske a ISO 100, inda ba ka zama da daddare. Kuɗinta kuma ya tafi ga gilashi, domin faɗaɗa ƙofar gilashi daga f/4 zuwa f/1.8 yana shigo da haske kusan sau biyar, ya ɗaga rinjayen sigina fiye da sau biyu, kuma da wuya ka sami irin wannan tazara tsakanin sensa biyu masu girma ɗaya da aka ƙera a shekaru goman da suka wuce.